Yadda Ake Haɗa Intakom da Wutar Babur

Duk wanda ya taɓa goya mutum a babur a doguwar hanya ya san inda hira take yankewa. Kuna fita gari ka murɗa totur, iska ta cika kunne, shi ke nan. Na baya ya yi magana ka ce "me ka ce?", ya ɗaga murya, ka ɗan karkato da kai don ka ji, idonka ya bar titi. Wannan 'yar karkatowar ce ta sa na nemi intakom, wato na'urar da ake sa wa lasifika da makirfo a cikin hular kwano, mai tuƙi da na baya su riƙa magana kamar suna zaune a zaure. Ƙanena nake yawan goyawa tsakanin Kano da Zariya. Tun da muka sa, idan zai ce in rage gudu ko in tsaya mu yi salla, faɗa kawai yake yi, ba sai ya doki kafaɗata ba.

Iri biyu za ka samu. Akwai mai ɗan akwati da ake ɓoyewa a ƙarƙashin sit, wayoyi su fito daga jikinsa zuwa hulunan biyu, irin na kamfanonin Autocom da Starcom na Ingila. Wannan wutar babur yake sha kai tsaye, bolt 12, abin da ake rubutawa 12V a jikin batir. Akwai kuma mai Bluetooth, irin su Sena da Cardo da 'yan China masu sauƙin kuɗi, wanda ake maƙalawa a gefen hula. Shi yana da nasa batirin, abin da yake nema a wurin babur kawai shi ne ramin caji na USB mai bolt 5. Jawo wutar hanya ɗaya ce ga duka biyun. A ƙarshen waya ne za a rabu: wani ya ɗaura akwatin intakom, wani ya ɗaura cajar USB.

Misalin da zan bi shi ne ƙaramin babur mai inji 100 zuwa 150, mai wayarin irin tsarin Honda, domin yawancin baburan China da ke hannun mutane wannan tsarin suka kwaikwaya.

Fara da batir, kafin ka kwance noti ko ɗaya

Babura da yawa suna yawo da mataccen batir. Mai shi yana tayarwa da kik, fitila tana kamawa, hon yana ɗan gurnani, rayuwa ta ci gaba. Irin wannan babur ba a sa masa intakom. Batir ba wurin ajiyar wuta ba ne kaɗai, shi ke shanye hawa da saukar wutar da inji yake haifarwa. In babu shi, duk wata tsalle-tsallen wuta na'urarka ce za ta karɓe ta.

Ɗauki mita, wato na'urar auna wutar lantarki, ka juya ta kan DC 20, wurin auna bolt na batir. Baƙin tsinke a kan negetif, jan tsinke a kan fositif. Babur a kashe, lafiyayyen batir cikakke zai nuna kusan 12.6. In ka ga ƙasa da 12, kai shi caji ko ka sauya shi. Sai ka tayar da inji ka ɗan murɗa totur. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In lambar ta haura 15 tana ci gaba da hawa, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da inji ke tura wa batir, ta lalace, kuma ita za ka fara sauyawa. In kuwa bai motsa daga inda yake ba, babur ɗin ba ya caji, ƙara masa kaya ƙarin wahala ne.

Kayan da za ka tanada

Waya ja da baƙa, mai kaurin 0.75mm² ko 1mm², kowacce kamar kamu huɗu. A tabbata mai silili da yawa ce a ciki, irin ta mota. Wayar wayarin gida mai ƙwaya ɗaya girgizar babur tana karya ta a cikin robarta, ba ka gani, sai dai wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. Sai gidan fis na kan waya mai murfi, da fis na 2A ko 3A har da na ajiya. Sai rile na mota mai ƙafa huɗu, wato ɗan suwic da wuta ke kunnawa ba hannu ba, gara wanda aka sayar tare da soket ɗinsa. Sai kan waya mai zobe guda biyu na ɗaurawa a batir, da dalma da ƙarfen liƙi, da robar nan da ake zurawa a waya ta tsuke idan ta ji zafi, da igiyoyin roba masu haƙori na ɗaure waya. Filaya, sukundireba da sifana mai lamba 10 suna nan a akwatin kowa.

Salatif yana da amfani, amma kada ka dogara da shi. A zafin bazara, kusa da inji, gam ɗinsa narkewa yake ya warware, ƙura ta maƙale, tagulla ta fito fili.

Wayar da ke bin makulli

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaura wayoyi biyu a kan batir a tafi. Tana aiki a ranar farko. Matsalarta ita ce na'urar ba ta barci. Cajar USB ko da ba a soka mata komai ba tana ɗan tsotsar wuta. A ce tana jan kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya guda kawai (amfiya, da ake rubutawa A, ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja). A yini ɗaya da kwana ta sha 0.24Ah daga batirin da duk wutar da yake ajiyewa 5Ah ce. Ka ajiye babur kwana goma ka yi tafiya, ta cinye kusan rabi. Ka dawo ka danna sitata, sai ɗan "ƙas" kawai. Abin da muke so shi ne intakom ya kama idan an murɗa makulli, ya mutu idan an cire.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya ci min kuɗi. Karon farko na kai wa wani mai wayarin, ya duba ya ce ai wayar danja tana nan kusa, ya feɗe ta ya ɗaura. A manyan baburan Turai da Japan wannan shawara tana tafiya daidai, domin fitilunsu daga batir suke sha. A ƙananan babura da yawa kuwa, fitilar gaba da ƙaramar fitilar baya daga koyil ɗin inji suke sha kai tsaye, wutar AC ce, mai hawa da sauka da juyin inji. Alamarta a fili take: ka murɗa makulli fitilar gaba ba ta kamawa sai ka tayar da inji, kuma tana ƙara haske idan ka murɗa totur, ta dushe idan ka saki. Ba mu kai Kwanar Dangora ba cajar ta fara warin ƙonewa. Na tsaya na taɓa ta, ta yi zafin da yatsa ba ya iya zama a kai.

Wurin da na fi so a ɗauki wuta shi ne suwic ɗin birkin baya. Yana gefen dama kusa da fedar birki, da ɗan sifirin a jikinsa, wayoyinsa biyu suna hawa zuwa wajen batir. Ɗaya tana kawo wuta daga makulli, ɗaya tana kai ta fitilar birki idan an taka. Ta farkon muke nema. A tsarin Honda ita ce baƙa zalla, abokiyarta kuma koriya mai ratsin ɗorawa. A wannan tsarin ja ita ce ta batir, koriya zalla ita ce at, wato wayar negetif. A Yamaha wadda ke bin makulli ruwan ƙasa ce, at kuma baƙa. A Suzuki ruwan lemo ce, at baƙa mai ratsin fari. A Kawasaki ruwan ƙasa ce, at baƙa mai ratsin ɗorawa. Ka ga baƙar waya a wannan babur wuta ce, a wancan at ce. Ga kuma baburan da suka sha hannun masu gyara har launi ya daina nufin komai. Saboda haka launi jagora ne kawai, mita ce mai yanke hukunci.

A tsarin Honda ka nisanci baƙa mai ratsin fari da baƙa mai ratsin ja da baƙa mai ratsin ɗorawa. Waɗannan na CDI ne, ɗan akwatin da ke sarrafa tartsatsi, da koyil ɗin fulogi, wutar tartsatsin fulogi suke yi wa hidima. In ka ɗaura kaya a kansu, ko babur ya ƙi tashi, ko na'urarka ta ƙone.

Gwajin sau huɗu ne, kuma sai waya ta ci duka. Baƙin tsinken mita yana kan negetif na batir, ja yana taɓa wayar da kake zato. Makulli a kashe, sifili. Makulli a buɗe inji bai tashi ba, kusan 12. Ka taka birki ka saki, lamba ba ta ɓace ba. Ka tayar da inji ka murɗa totur, ta tsaya tsakanin 13 da 14 da ɗoriya, ba ta rawa. Wadda ba ta nuna komai sai inji ya tashi, ta fitila ce, ka bar ta. Wadda ba ta nuna komai sai ka taka birki, abokiyar ce, koma ɗayar. In ka samu taka, ɗaura mata ɗan ƙyalle don kada ta ɓace maka.

Mai babban babur na zamani, irin BMW tun daga R1200GS na 2004, wayarinsa kwamfuta ce ke lura da shi, tana iya yanke layi in ta ga ana jan wutar da ba ta sani ba. Shi ya duba littafin babur ɗinsa ya nemi soket ɗin da kamfani ya ware don ƙarin kaya.

Me ya kawo rile?

Intakom ba ya jan wuta mai yawa, bai kai amfiya guda ba. Wani zai ce a ɗaura shi kawai a baƙar wayar nan da fis a tsakani, kuma zai yi aiki. Ni dai rile nake sawa, don dalili biyu. Wutar da ta fito daga kan batir ta fi tsabta fiye da wadda ta ratso makulli ta haɗa layi da hon da sigina, kuma kunne yana jin wannan bambancin. Na biyu, gobe za ka so ka ƙara cajar waya. Caja mai ba da 2A a bolt 5 tana jan kusan amfiya guda daga batir, bai kamata wannan nauyi ya bi ta tsohon makulli da siririyar wayar birki ba. Da rile, wayar makulli umarni kawai take bayarwa, batir ke ɗaukar kaya.

Juya rilen ka duba gindinsa, za ka ga lambobi huɗu: 30, 87, 85, 86. Riƙe su haka. Ƙafa 30 daga batir. Ƙafa 87 zuwa intakom. Ƙafa 86 daga wayar makulli. Ƙafa 85 zuwa negetif. In naka mai ƙafa biyar ne, ta tsakiya 87a ce, ka rufe ta ka ƙyale ta, domin ita tana da wuta ne lokacin da makulli yake kashe.

Haɗawa

Cire makulli ka sa a aljihu. Kwance negetif na batir tukuna, ka lanƙwasa wayar gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa ba. Dalilin fara da negetif shi ne duk ƙarfen babur negetif ne. In ka fara da fositif, sifana ta goge firam, tartsatsi zai tashi a hannunka kusa da batir.

Zaɓi mazaunin rile da akwatin intakom kafin ka yanka waya. Ƙarƙashin sit ko cikin murfin gefe. Nesa da koyil da CDI saboda ƙara, nesa da rektifaya da salansa saboda zafi. In batirinka mai ruwa ne, yana da ɗan tiyo da tururin asid ke fita, kada akwatin ya zauna a bakinsa. Rile ya tsaya ƙafafunsa suna kallon ƙasa, don ruwan damina ko na wurin wanki ya zube maimakon ya taru a ciki. Sa ɗan soso a ƙarƙashin akwatin, ka ɗaure. Mayar da sit ka hau ka zauna, ka sake cirewa ka duba ko ya danne wani abu.

Yanzu jar waya. Cire fis daga gidansa ka ajiye, shi ne zai shiga a ƙarshe. Sa zobe a bakin wayar gidan fis na ɗaurawa a fositif. Gidan fis ya kasance kusa da batir, kada tazarar ta wuce taƙi guda. Mutane suna ɗauka fis na'ura yake karewa, sai su kai shi can kusa da ita. Waya yake karewa. In jar waya ta goge firam ta feɗe a tsakiyar hanya, duk abin da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai tsaro, zai yi ja ya narke, ga tiyon fetur a kusa. Wanda ya ce maka a bar fis ɗin ai ƙaramin abu ne, karɓi babur ɗinka ka tafi wani wuri. Ɗaya bakin gidan fis ya tafi ƙafa 30.

Daga ƙafa 87 ja jar waya zuwa jar wayar intakom ko ta cajar USB. In duka biyun za ka sa, nan za su rabu, fis na 3A ya ishe su.

Sai wayar makulli zuwa ƙafa 86. Bi wayar suwic ɗin birki sama har inda take sokawa cikin babban wayarin. Sau da yawa za ka tarar da mahaɗi mai rami biyu, ɗaya babu kowa a ciki, sai ka sa wa wayarka irin kan da ya dace ka soka. In babu, zare mahaɗin, ka zura robar tsukewa ta wuce, ka feɗe robar wayar kamar faɗin farce ba tare da ka yanke tagullar ba. Buɗa silin da tsinke, ka zura sabuwar waya ta tsakiya, ka naɗe ta sau uku ko huɗu, ka liƙe da dalma. Dalma ta shiga cikin sili ta yi sheƙi, ba ta tsaya dunƙule a sama ba. Jawo robar ta rufe wurin, ka gasa ta da ashana daga nesa, bayan ka rufe famfon mai kuma ka tabbata babu ɗigon fetur a kusa.

Baƙar wayar intakom da wayar ƙafa 85 su haɗu a zobe ɗaya su tafi kan negetif na batir. Kada ka nemi wani noti a jikin firam don ya fi kusa. Fenti da tsatsa suna hana at kamawa da kyau, kuma rabin ƙarar da ake kuka da ita daga nan take.

Bi da wayoyin gefen babban wayarin babur, ka ɗaure duk bayan taƙi. Kada su haye kaifin ƙarfe, kada su kusanci sarƙa ko sifirin na baya. In caja za ta zauna a kan babur gaba, wayar ta bi ƙarƙashin tanki ta gefen da babu koyil. Juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, kana kallon wayar. Ta samu sarari, kada ta miƙe tsam, kada ta shiga matsi. Kafin waya ta shiga akwati ko caja, bar ta ta ɗan sauka ƙasa sannan ta hau, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗige a gwiwar.

Ɗaura fositif, sannan negetif. Shafa ɗan basilin a kawunan batir. Sa fis. Murɗa makulli kana riƙe da rilen, za ka ji "ƙas" a yatsunka. Auna ƙafa 87: makulli a buɗe 12, a kashe sifili. In rilen bai yi motsi ba, duba 85 da 86. In fis ya ƙone nan take, akwai inda ja ta taɓa baƙa ko ƙarfe, nemo wurin. Kada ka sa babban fis, kada ka naɗa masa waya.

Cikin hula

Lasifikan su zauna daidai ramin kunne. In sun goce ko da faɗin yatsa ɗaya ne, rabin murya ta tafi, sai ka ƙure sauti a banza. Sa hular ka laluba ka ji inda kunnenka yake, sannan ka manna. Makirfo a gaban leɓe, kusan yana taɓawa, da sosonsa a kai don iska. Wayoyi su bi bayan audugar ciki. Ba a huda hula, ba a yanke farin kumfan nan mai tauri na ciki, shi ne ke karɓar bugu ranar tsautsayi.

Ga mai akwati, wayar mai tuƙi ta fito ta gaban sit kusa da tanki, ta na baya ta fito ta gefen hagu, gefen da babu salansa. Mahaɗin da ke tsakanin hula da babur ya zama mai zarewa da an ja. Kada ka naɗe shi da salatif don yana yawan cirewa. An yi shi ne ya saki kanka idan ka rabu da babur. Mai Bluetooth kuma ya duba takardar na'urarsa, wasu suna yarda a yi caji ana magana, wasu sai an kashe su.

Kukan sauro

Ranar da na gama nawa, muka sa huluna a ƙofar gida, murya tana fita tas. Ina tayar da inji sai ƙanena ya ce, "Yaya, akwai sauro a kunnena." Na murɗa totur, sauron ya ƙara tsini. Na saki, ya sauko.

Ƙara iri biyu ce, kowacce da tushenta. Siririn kuka mai bin totur daga ɓangaren caji yake. Tas-tas-tas kamar ana soya gyaɗa, mai sauri idan inji ya yi sauri, daga fulogi yake. Na fulogi ya fi sauƙin magani. Sa fulogi mai rizisto a ciki; a na NGK harafin R a cikin lambar ke nuna shi, kamar CR7HSA a maimakon C7HSA. Ko ka sa hular fulogi mai rizisto, wadda ake rubuta 5K a jikinta. Sannan ka duba ko wayar lasifika ta bi kusa da koyil ko kaurin wayar fulogi, ka janye ta. In dole ne su haɗu, su gitta juna, kada su jera.

Na caji kuma bi shi ɗaya bayan ɗaya. Fara da zare cajar USB, domin masu arha da yawa su kansu ƙara suke haifarwa. In kukan ya tafi, sauya caja. In wayar salularka tana haɗe da intakom ta igiyar sauti kuma tana caji daga babur a lokaci guda, at ya samu hanya biyu ke nan, wuta tana zagayawa a tsakaninsu. Zare cajin ka ji. In shi ne, akwai ɗan abin raba at da ake sokawa a igiyar sauti, masu kayan rediyon mota suna sayar da shi. In duk wannan bai kashe shi ba, sa matatar ƙara ta rediyon mota a jar waya, tsakanin ƙafa 87 da intakom, kusa da akwatin. Namu sauron at ne. Na yi ganganci na ɗaura baƙar waya a wani noti mai fenti a ƙarƙashin sit. Ina mayar da ita kan batir, ƙanena ya ce, "Ya mutu, Yaya."

Gwajin ƙarshe

Saura ka tabbatar babu mai satar wuta da dare. Makulli a kashe, kwance negetif, mayar da jan tsinken mita ramin 10A, ka juya ta kan amfiya DC, ka sa ta tsakanin kan batir da wayar da ka kwance. A ƙaramin babur ya kamata ka ga sifili ko abin da ya yi kusa da shi. Kada ka danna sitata mita tana haka, za ta ƙone. In ka gama, mayar da tsinken raminsa na bolt nan take, kafin ka manta ka ɗora shi a kan batir.

Fita gwaji a hanyar da babu cunkoso. Daidaita sauti a tsaye, ba a kan tafiya ba, kuma a bar shi inda za ka ji hon ɗin motar da ke bayanka. In na'urar tana da maɓallin da ke buɗe makirfo da jin murya, ƙara masa tauri har iska ta daina buɗe shi da kanta. Bayan tafiyar rabin awa, tsaya ka ɗaga sit ka taɓa rile da gidan fis da wurin da ka liƙe da dalma. Ɗumi kaɗan a jikin rile daidai ne. Zafi a waya ko a mahaɗi yana nufin wurin bai kama ba, a sake shi. Bayan mako guda ka sake ɗaga sit ka bi wayoyin da yatsa daga batir har ƙarshe, kana neman inda roba ta fara gogewa, ka ƙara matse notin batir, ka naɗe fis ɗin ajiya a leda ka cusa shi kusa da gidan fis.